Mabuɗin Akwatin Gaggawa

A wani ƙaramin asibitin dabbobi da ke bakin kara, Likita ya ɗora wa ma'aikatansa uku wata al'ada da suka tsana. Duk ranar Laraba, bayan kasuwa ta watse, sai ya buga murfin tukunya ya ce, "Saniya ta kumbura!" ko "Kare ya ciji mutum!" ko "Wuta ta ɗauke, firji ya mutu!" Ya duba agogonsa, ya koma gefe ya harɗe hannu.

Ranar farko abin dariya ya zama. An yi minti 20 ana neman mabuɗin akwatin gaggawa, ashe yana aljihun Likitan da kansa. Da aka buɗe, tocilan ba batir, tiyon zura wa dabba a baki kuwa ɓera ya ɓula shi. Likita bai ɗora wa kowa laifi ba. Ya buga ƙusa a bayan ƙofa ya rataye mabuɗin.

Sannu a hankali suka haddace. Cizon kare: sabulu da ruwa mai gudu, minti 15 cur, sannan asibitin mutane. Allurar rigakafin da ke zuwa daga Vom: cikin kula da ƙanƙara nan take. Kumburin ciki kuwa a kan tsohon tub ɗin taya suke gwadawa, a hura shi a cusa cikin buhu. Babban mataimakin yakan yi tsaki. "Likita, shekarata 18 a aikin nan, yau buhu zan soka?"

Ƙaramin cikinsu, mai shara da riƙe igiya, shi ne ba ya gunaguni. Wataƙila don ba a taɓa ba shi wani ƙarfe ya riƙe ba sai a ranar Laraba.

Cikin watan Afrilu, lokacin da mangwaro ke zubewa a ƙasa, Likita ya tafi taro, babban mataimakin yana ƙauye wajen rigakafi. Bayan magariba wani dattijon Bafulatani ya faɗo da haki: karsanarsa ta haɗiyi mangwaro ya tsaya mata a wuya. Saniya takan tara iska lita 30 zuwa 50 a tumbinta cikin awa guda, gyatsa ce ke fitar da ita. In hanya ta toshe, tumbin ya danne huhu, sai dai a nemo wuƙa.

Yaron ya miƙa hannu bayan ƙofa ko dubawa bai yi ba.

Suka tarar da ita a tsaye ta ware ƙafafu, yawu na dalala, kwiɓin hagu ya tashi kamar ganga. Ya zura tiyo, ya cije a rabin wuya.

"Baffa, riƙe mini tocila. Hudawa zan yi."

"Yaro, ka taɓa yi kuwa?"

"A buhu, Baffa."

Dattijon ya dubi karsanar, ya dubi wuƙar da ke ƙugunsa, ya karɓi tocilar.

Yaron ya laluba ramin da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, ya saita tsinken hudawa da ke cikin bututunsa ya nufi gwiwar ƙafar gaba ta dama, ya doka da tafin hannu. Ya zare tsinken ya bar bututun. Iska ta fito da fito mai wari, kwiɓin ya soma saɓewa. Sai a lokacin hannunsa ya fara rawa. Ya kira Likita a waya, ya zauna riƙe da bututun har ya iso ya ciro mangwaron.

Da Laraba ta zagayo, kafin a buga murfin tukunya, an ga babban mataimakin a tsakar gida yana hura tub.