Dutsen Ƙanƙara da Iyakar Jibiya

Malaman tauhidi, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan Katsina da Maraɗi tun kafin zuwan Turawa, sun tabbatar da cewa babu jikin da ke kuɓuta daga halaye huɗu, wato motsi da tsayuwa, haɗuwa da rabuwa, kuma da wannan ne suka kafa hujja cewa duniya fararriya ce, domin abin da ke jujjuyawa daga hali zuwa hali mustahili ne a ce ba shi da farko. Ban san halittar da ta fito da wannan hujja fili kamar duwatsun ƙanƙarar da ke yawo a tekun kudancin duniya ba.

A shekarar 1986 wani irinsu, wanda masana suka sa wa suna A23a, ya ɓalle daga gaɓar Antatika, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 4,000, kimanin kashi ɗaya cikin shida na Jihar Katsina ke nan. Sai gindinsa ya kafe a ƙasan teku, ya tsaya cik fiye da shekara 30, har a 2020 ya motsa ya nufi arewa, inda a 2025 ya shiga tsattsagewa kusa da tsibirin Jojiya ta Kudu. Ruwa mai ɗumi yana cin sa ta ƙasa, inda mafi yawan jikinsa yake ɓoye, igiyar ruwa tana sassaƙe masa ƙugu har abin da ya rataya a sama ya karye, ruwan da ya narke a bisa kuwa ya gangara cikin tsaguna yana buɗa su. In ya rabu, babban ɓangaren ke riƙe sunan, ƙananan a ba su wasu haruffa.

To, wane ne na asali? Wannan mas'ala ba ta teku ce kaɗai ba, ga ta nan a Magamar Jibiya, kan iyakar Nijeriya da Nijar. Bayan da jama'ar Shehu Usmanu suka ci Katsina, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, tsohuwar sarauta ta yi arewa, daga bisani Ɗan Kasawa, na wannan tsohon gida, ya zauna a Maraɗi, inda har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar garin. Sa'an nan Ingila da Faransa suka zo suka ja layi a tsakani, da yarjejeniyoyin da suka ƙulla daga 1898 zuwa 1906. A ganina neman sarautar da ta fi cancantar sunan ɓata lokaci ne, domin suna abu ne da mutane suka yi ittifaƙi a kansa, asali kuwa ɗaya ne. Gulbin Maraɗi ma daga gefen Nijeriya yake tasowa, ya shiga Nijar, ya sake komowa Nijeriya.

Amma a nan ƙiyasin ya tsaya, kuma nan ne abin ya fi damuna. Ƙanƙara ba mukallafa ba ce, in ta rabu babu hisabi a kanta, ba ta kuwa komawa ta haɗu. Ɗan Adam kuwa an ɗora masa sada zumunci a matsayin wajibi, ba a kuma sauke masa shi don an kafa shinge a kan iyaka ba. Da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ba fataken gero da dabbobi kaɗai suka ji jiki ba, har da mai zuwa ta'aziyya da mai kai amarya da mai duba mahaifiya.

Hukuma tana da haƙƙin tsare ƙasarta, musamman a yankin da 'yan bindiga suka addaba, ba na jayayya da wannan. Roƙona ga mahukuntan Abuja da na Yamai shi ne, duk ranar da siyasa ta sa za su rufe Magama, su bar ƙofa ga mai jana'iza da mai jinya.