Garin Neman Ƙiba Aka Samo Rama

Hausawa kan yi wannan karin magana ga wanda ya fita neman ƙari, ya dawo da ƙasa da abin da ya fita da shi. Tushenta jikin ɗan Adam ne, domin a al'ada ƙiba alamar wadata da lafiya ce, rama kuwa alamar ciwo. Jiki yana da mudunsa ga kowane sinadarin abinci. Idan mudun ya cika, abin da aka ɗora a kai sau da yawa sai dai a fitar da shi da wahala, ko ya taru ya zama cuta.

Misalin da ya fi kusa da gidajen Hausawa shi ne jego. Maijego na shan kunun kanwa don ta sami ƙarfi, nono ya kawo, ga wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in. Niyyar alheri ce, babu shakka. Sai dai kanwa cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, shi kuwa riƙe ruwa yake yi a jiki. Ruwa ya yi yawa a jijiyoyi, jini ya hau, zuciyar da ba ta gama hutawa daga ɗawainiyar ciki ba ta shiga sabon aiki. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, masu kumburin ƙafa da haki, suka danganta hakan da kanwa da zafin da ake gasa su da shi. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna akwai wasu dalilan, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam, amma har yau babu likitan da zai so mai raunin zuciya ta cika cikinta da kanwa.

Gishirin miya ma haka yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kusan cokalin shayi ɗaya. Tukunyar da aka sa wa gishiri, aka marmasa mata dunƙule uku, aka ci da yajin da shi ma akwai gishiri a ciki, tana iya wuce wannan kafin a je ga tuwon dare. Hawan jini ba ya sallama, sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda ne ke fara bayyana shi.

Sai magungunan ƙarin jini da ake saya a kemis babu takardar likita. Sinadarin ƙarfe da ke cikinsu yana ceton mai ciki da jininta ya yi ƙasa, amma jiki ba shi da hanya mai sauƙi ta fitar da rararsa. Yaron da ya haɗiye ƙwayoyin mahaifiyarsa da yawa yana iya rasa ransa, mai sikila da aka sha yi wa ƙarin jini kuwa ƙarfen kan taru masa a hanta da zuciya. Bitamin A shi ma a hanta yake zama, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 sau ɗaya tak a wata shida. Mai ciki da ta sha shi fiye da kima tana iya haifar jariri da nakasa, alhali don ƙarfin ɗan ta sha.