Shaƙuwar Yaro da Uwa: Haƙƙin Wa Ne Raino?

Shaƙuwa ita ce dangantakar da jariri ke ƙullawa da mai rainonsa, wadda ke sa ya neme ta idan ya firgita, ya kuma samu natsuwa da zarar ta ɗauke shi. Tana fitowa fili wajen wata shida zuwa takwas, lokacin da yaro ke fara ƙiwa. Daga nan tambaya ke tasowa ga malaman addini da masana halayyar ɗan Adam: mahaifiya ce kaɗai ke iya biya wa yaro wannan buƙata, kuma wa ke da ikon raba su?

A 1951, John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan yaran da suka rasa gida bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ya nuna cewa ci da sha ba su wadatar da yaro idan ba shi da wadda ya dogara da ita dare da rana. Gidajen marayun Romaniya da duniya ta gani bayan 1989 sun tabbatar da haka. Yaran da aka tara babu mai ɗaukarsu sun samu tawaya a girma da magana da mu'amala, kuma waɗanda aka mayar hannun iyayen riƙo kafin su cika shekara biyu sun fi farfaɗowa.

Al'ada tana sauya kamannin shaƙuwa, amma ba ta kawar da buƙatarta. Masaniyar halayyar ɗan Adam Mary Ainsworth ta fara nazarinta kan shaƙuwa a Yuganda a 1954, daga baya ta tsara gwaji a Amurka inda uwa ke fita ta bar yaro ɗan lokaci, a ga yadda zai tarbe ta. Da aka maimaita gwajin, an samu yara da yawa a arewacin Jamus, inda ake koya dogaro da kai da wuri, ba su ruga wurin uwa ba, yayin da wasu a Japan suka kasa yin shiru. Wani nazari da aka wallafa a 1977 kan jariran Hausawa ya gano cewa yaro kan shaƙu da mutum uku ko huɗu a gida, amma akwai ɗaya da ya fi nema, yawanci wadda ta fi goya shi. Saboda haka kunyar ɗan fari da riƙon kaka ko gwaggo ba lalle su cutar ba, muddin yaro yana da hannun da ya saba da shi. Abin da ke cutarwa shi ne a tsinke sabon farat ɗaya, babu madadi.

Musulunci ya riga ya ba wannan buƙata matsayi. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta sa cikar shayarwa shekara biyu, ta ɗora ciyarwa kan uba, ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta. Annabi (SAW) ya tashi a hannun Halimatus Sa'adiyya, mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara shida, kakansa ya riƙe shi, sannan baffansa Abu Ɗalib. Hannuwa sun sauya, amma bai taɓa rasa mai ƙaunarsa ba. A mazhabar Malikiyya, idan aure ya mutu, uwa ce ke da rainon namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji. Idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba, raino yakan koma ga mahaifiyarta. Malaman fiƙihu sun yi saɓani ko raino haƙƙin mai raino ne ko na yaro, amma sharuɗɗan da suka gindaya, irin su hankali da amana da iya kulawa, duk maslahar yaron suke karewa.

Don haka ƙwace yaro daga uwa bayan saki domin huce haushi ya saɓa wa fiƙihu, ya kuma saɓa wa abin da bincike ya nuna. Yaro amana ne, kuma a duk rikicin raino maslaharsa ce ke gaba da ta iyayensa.