Ramin Tsibirin Oak: Tsakanin "An Ce" Da "Na Gani"

Da wuya a sami garin da ba shi da labarin tukunyar zinariya da wani sarki ko attajiri ya binne a gindin kuka ko cikin kufai, aka bar aljani yana gadinta. Mu kan ji irin wannan labari mu yi dariya, amma a can cikin zuci mu ce, wa ya sani? Wannan "wa ya sani" ɗin nake son mu auna a yau, kuma zan kai mai karatu nesa da gida, zuwa wani ɗan tsibiri da ake kira Oak a gaɓar lardin Nova Scotia na ƙasar Kanada, inda aka shafe fiye da shekara 200 ana haƙa.

Yadda labarin ya zo shi ne, a shekarar 1795 wani saurayi mai suna Daniel McGinnis ya ga wani wuri ya lotsa a ƙarƙashin bishiya, shi da abokansa biyu suka shiga tono, suka riƙa cin karo da itatuwa a jere duk bayan ƙafa 10. Bayan 'yan shekaru wani kamfani ya kai ramin ƙafa 90, aka ce ya ciro dutse mai wani baƙon rubutu. Ana cikin murna sai ruwa ya cika ramin. Tun daga ran nan kamfani ke gadon kamfani. Har Franklin Roosevelt, wanda daga baya ya shugabanci Amurka, ya shiga sahun masu neman a 1909. Mutum shida sun rasa rayukansu: ɗaya a 1861, ɗaya a 1897, sannan huɗu rana ɗaya a watan Agusta na 1965, ciki har da Robert Restall da ɗansa, waɗanda gurɓatacciyar iska ta sumar a cikin wani rami. Dukiyar kuwa har yau ba wanda ya ɗora ido a kanta.

To, da wane ma'auni mai hankali zai auna irin wannan labari?

Abu na farko, a tambayi labarin asalinsa. Malaman hadisi sun daɗe da koya mana cewa kafin a duba daɗin magana sai an duba wa ya ji daga wa. Idan muka bi wannan hanya sai mu tarar labarin McGinnis bai shiga jarida ba sai a 1857, cikakken bayaninsa ma sai bayan 1860. Wato kusan shekara 60 yana yawo a baki, kuma da yawa cikin waɗanda suka fara yaɗa shi a rubuce suna da hannu a haƙar, suna neman masu zuba kuɗi. Shaidar mai kaya a kan kayansa ba dole ta zama ƙarya ba, amma ba a yanke hukunci da ita kaɗai. Shi kuwa dutsen nan mai rubutu, wanda aka ce yana nuni da fam miliyan 2 a can ƙasa, ya ɓata ba tare da an ɗauki hotonsa ba, alamomin da ake jingina masa kuma sai can daga baya suka bayyana a wani littafi.

Abu na biyu, a duba ko akwai bayani mafi sauƙi. Masu haƙar sun ce 'yan fashin teku ne suka gina magudanu daga bakin teku domin ruwa ya cinye duk wanda ya kusanci dukiyar. Amma ƙarƙashin wannan ɓangare na tsibirin akwai farin dutse irin wanda ruwa ke narkarwa, yana barin kogunan ƙasa, wani lokaci saman ya rufta ya lotsa. Masana teku na cibiyar Woods Hole sun duba wurin a 1995, suka danganta cikar ramin da yadda ruwan ƙasa ke cuɗanya da hawa da saukar teku. Duk wanda ya taɓa gina rijiya a fadama ya san ruwa ba ya jiran ɗan fashi ya buɗe masa hanya.

Abu na uku, a kwatanta da inda aka san an binne dukiya da gaske. Sunan da aka fi liƙa wa ramin shi ne na Kyaftin William Kidd. Gaskiya ne Kidd ya binne dukiya a 1699, amma a tsibirin Gardiners kusa da New York. Akwai shaida, hukuma ta tono ta ba da daɗewa ba, aka lissafa ta aka aika Ingila, shi kuma aka rataye shi a Landan a 1701. Haka gaskiya take, tana barin sawu. Kuma mai ɓoye abu yana ɓoyewa ne don ya dawo ya ɗauka. Wane ɓarawo ne zai nutsar da kayansa inda shi kansa ba zai iya cirowa ba?

Sai dai abin da ya fi damuna ya wuce waɗannan uku. Labarin ya kai matsayin da babu abin da zai iya ƙaryata shi. In ruwa ya cika rami, a ce ai tarkon ne ya tabbata. In ba a sami komai ba, a ce dukiyar ta zurma ƙasa. Yawan tono ya sa an rasa ainihin inda ramin farko yake, wannan ma ya zama dalilin sabon tono. Hatta mutuwar mutum shida an mai da ita camfi, wai sai na bakwai ya mutu kafin a samu. Bahaushe ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wanda mutum ya gina wa kansa da hannunsa ba ya ƙurewa, domin kullum yana ƙara masa zurfi. Wanda ya zuba shekara 20 da duk abin da ya mallaka, furta "na yi kuskure" ya fi masa ciwo da sake zuba wasu 20. Na baya kuma ya zo ya ce, da ba komai da waɗancan ba su wahala haka ba. Ta haka wahalar jiya ke zama hujjar yau, alhali gumi ba shaida ba ne.

Wani zai ce ai ruwa ba ya tsami banza, kuma mai nema yana tare da samu. Ban musa ba. An tsinci ɓawon kwakwa da tsofaffin itatuwa da ƙarafa a tsibirin, waɗanda ke nuna mutane sun yi hidima a wurin. Amma tsakanin "an yi aiki a nan" da "akwai zinariya a nan" akwai tafiya mai nisa, kwaɗayi ne kawai ke tsallake ta da taki ɗaya. Ba kuma zan ce bege laifi ne ba. Da babu masu bin abin da jama'a suka raina, da ilmi bai ci gaba ba. Bambancin shi ne mai bincike na gaskiya yana iya faɗa tun kafin ya ɗaga diga, cewa in na kai wuri kaza ban ga kaza ba, na haƙura.

A nan ne maganar ta koma ta amana. Mutum yana da ikon ɓatar da kuɗinsa a kan mafarkinsa. Amma ranar da ya karɓi jarin wani, ko ya zura ɗan wani cikin rami, abin da ya gaskata ya daina zama nasa shi kaɗai. Wajibi ne ya binciki hujjarsa gwargwadon nauyin da ya ɗora wa mutane, kuma cewa shi ma ya yarda da gaske ba zai wanke shi ba. Tun 2014 aka fara wani shirin talabijin a kan haƙar, ya sami ɗimbin masu kallo, abin da ke nuna dukiyar da ta tabbata a tsibirin ita ce labarin kansa.

Don haka ya mai karatu, duk sa'ad da aka zo maka da zancen wata tukunya, ta zinariya ce ko ta ribar da ba a san tushenta ba, ka tambayi mai labarin wa ya gani da idonsa, sannan ka tambayi kanka me za ka gani ka janye. In ba ka da amsar ta biyu, to ajiye digar. Allah Ya raba mu da kwaɗayi, mabuɗin wahala.