Sulken Aro

Karatu: 1 Samuila 16:14-23 da 17:31-40

Ikilisiyoyinmu da yawa suna da 'ya'ya maza da mata waɗanda su ke karatu a ƙasar Ingila. Iyaye sun sayar da gona ko shanu, dangi sun yi karo-karo, ikilisiya ta yi addu'a, kāna yaro ya hau jirgi. Amma kafin karatun ya ƙare akwai wata rana da ke jiransa. Za ya rubuta takardar neman aiki, ya zauna gaban baƙi waɗanda ba su san ubansa ba, ba su san garinsu ba, su yi ta yi masa tambaya. Wannan ganawa ita ce 'yan boko su ke kira intabiyu. A ranan nan jaraba biyu su ke tsaye a ƙofa: ko mutum ya faɗi abin da bai yi ba domin tsoron rasa aikin, ko kuwa ya ɓoye abin da ya yi domin kunya. Mai-bi an kira shi ya faɗi gaskiya a kan kansa, kada ya ƙara, kada ya rage. Bari mu duba yadda Dauda ya yi sa'anda ya tsaya gaban sarki Saul.

Rundunar Isra'ila da ta Filistiyawa sun ja daga a kwarin Ila. Kwana 40, safe da maraice, Goliyat mutumin Gat yana fitowa yana neman wanda za ya kara da shi, ba wanda ya amsa. Watau ga aiki a buɗe, babu mai-nema. Dauda autan Yesse ya zo kawo wa yayyensa guzuri, ya ji abin da ke faruwa, ya ce shi za ya tafi. Aka kai shi gaban sarki. Saul ya dube shi, ya ce ba za ya iya ba, gama shi yaro ne, wancan kuwa mayaƙi ne tun yana saurayi. Kowane ɗalibi da ya taɓa neman aiki ya san wannan amsa: ba ka taɓa yin aikin ba, ina shaidarka?

1. Shaidarsa ta riga shi isa fada

A sura 16, sa'anda a ke neman mai-kaɗa molo domin sarki, wani bara ya ba da shaidar Dauda. Ya ambaci gwanintarsa, da jaruntakarsa, da hankalinsa wajen magana, da cewa Ubangiji yana tare da shi. Dauda bai san ana kallonsa ba sa'anda ya ke bayan tumaki. Haka ya ke har yau. Masu-ba da aiki a Ingila sukan nemi sunan mutum biyu da za su shaide ka, galibi malaminka ɗaya da wanda ka yi wa aiki ɗaya. Abin da za su rubuta kai ne ka ke rubuta shi tun yanzu, da zuwa aji a kan lokaci, da miƙa aikin makaranta kafin wa'adi, da yadda ka ke wanke kwano a gidan abinci sa'anda maigida ba ya nan. Ka nemi izninsu kafin ka sa sunansu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Digiri na biyu a Ingila yawanci shekara ɗaya ne, ana farawa wajen Satumba ko Oktoba. Manyan kamfanoni da yawa kuwa a watannin nan ne su ke buɗe ƙofa ga waɗanda za su fara aiki baɗi. Wanda ya ce sai ya gama jarrabawa tukuna za ya tarar an tashi kasuwa. Jami'o'i suna da ofis na taimakon ɗalibai wajen neman aiki, inda a ke duba wa mutum takardarsa, a kuma gwada masa ganawar kyauta. Ka nemi ofishin nan tun cikin watanka na fari.

Ka san dokar bizarka kamar yadda ka san sunanka. Ɗalibin digiri an yarje masa aikin awa 20 a mako lokacin karatu, da cikakken aiki lokacin hutu, amma ba a yarje masa ya yi sana'ar kansa ba. Ran 1 ga Yuli 2021 gwamnatin Birtaniya ta buɗe hanya ga wanda ya gama digiri ya zauna shekara 2 yana aiki, mai-digirin dakta shekara 3. A 2025 aka ba da sanarwa cewa shekara 2 ɗin za ta koma wata 18 ga masu-nema daga 1 ga Janairu 2027. Tilas a nemi wannan izni daga cikin ƙasar kafin bizar karatu ta ƙare. Bayan wa'adin nan sai mutum ya sami mai-ba da aiki wanda ke da lasin ɗaukar baƙi, gwamnati kuwa tana buga sunayensu a intanet. Dokokin nan sukan sāke, domin haka ka duba su a shafin gwamnati da idonka, kada ka dogara ga jita-jitar abokai.

2. Ya faɗi abin da ya yi

An rene mu da cewa yabon kai jahilci ne, gaskiya ne kuwa. Amma Dauda bai sunkuyar da kai ya ce shi ba komai ba ne. Ya ba sarki labari filla-filla. Ya ce yana kiwon tumakin ubansa, zaki ko mugun naman nan da a ke kira beyar yakan zo ya ɗauke ɗan rago, shi kuwa ya bi shi, ya buge shi, ya ƙwace ɗan ragon daga bakinsa. Kāna ya ce Ubangiji ne ya cece shi. Ku lura da tsarin maganarsa: inda ya ke, abin da ya auku, abin da ya yi da hannunsa, da abin da ya fito. Irin wannan amsa masu-ganawa su ke nema har yau. Za su ce, ba mu labarin wata rana da aiki ya rikice maka, me ka yi? Kadan ka ce kai mai-ƙwazo ne kawai, ba ka faɗi komai ba, gama kowa haka ya ke cewa. Amma in ka ce ka riƙe littafin kuɗin ƙungiyar matasa shekara 2, lissafi ya taɓa ƙin fita, ka bi rasit ɗaya ɗaya har ka gano inda kuskuren ya ke, ka ba su zaki da beyar ke nan.

Kada ka rena kiwon tumakinka. Koyar da yara a makarantar Lahadi, jiran shagon kawunka, koyarwa a ƙauye lokacin bautar ƙasa, jinyar tsofaffi da dare, duka aiki ne da a ke iya faɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu a gida mun saba cewa "mun yi" ko da mutum shi kaɗai ya yi. A can, in kai ka yi, ka ce "na yi", in tare ku ka yi, ka faɗi rabonka. Mun kuma saba sauke ido gaban babba domin ladabi, su kuwa sukan ɗauka mai-sauke ido yana ɓoye wani abu. Ka dubi mai-tambayarka, ka yi magana a sarari, a hankali. Wannan ba girman kai ba ne. Baiwar da ke hannunka Allah ne ya ba ka, wanda kuwa ya binne tasa a ƙasa ba a yabe shi ba cikin misalin da Ubangijinmu ya bayar a Matta 25.

Takardar tarihin karatu da aiki, wadda a ke ce wa CV, kada ta wuce shafi 2. A gida mukan sa hoto, da shekarun haihuwa, da jiha, da addini, da ko mutum ya yi aure. A Ingila ba a saba sa waɗannan ba, gama dokar daidaito ta 2010 ta hana a bambanta masu-neman aiki saboda shekaru, ko launin fata, ko addini, ko jinsi. Barinsu ba musun bangaskiya ba ne, bin al'adar wurin ne. Kowane aiki kuma da tasa wasiƙa: ka karanta abin da su ke nema, ka nuna musu inda ka taɓa yin irinsa.

3. Ya tuɓe sulken Saul

Da Saul ya yarda, sai ya sa wa Dauda kayan yaƙinsa, kwalkwali na tagulla, da sulke, da takobi. Da kyakkyawan nufi ya yi. Dauda ya gwada tafiya, ya kasa, gama bai saba da su ba, sai ya tuɓe. Da ya ji nauyin sarki ya fita da su, da a kwarin nan aka binne shi.

Ɗana, 'yata, za a miƙo maka sulke irin wannan, mai-miƙowa kuwa sau da yawa masoyinka ne, wataƙila ma tare ku ke sujada. Za ya ce, ƙara shekara 3 na aikin da ba ka yi ba, kowa haka ya ke yi. Za ya ce, sa lambar wayata, in sun kira in ce ni ne tsohon maigidanka. Za ya ce, akwai inda a ke biya a hannu, ba mai-ƙirga awa. Tun da ChatGPT ya fito a 2022 an kuma sami sabon sulke: na'ura ta rubuta wa mutum wasiƙa mai-daɗi cike da abin da bai taɓa yi ba. Ba laifi a nemi taimako wajen gyaran Turanci, amma kowane layi da ke bisa sunanka tilas ya zama naka, wanda za ka iya tsayawa a kansa in an tambaye ka.

Zanen aro ba ya rufe katara. Mai-ganawa yakan bi tambaya da tambaya, a ta uku sai mai-aro ya fara tuntuɓe. Ko ya haye ranan nan, aikin kansa za ya tone shi. Dokar zamba ta 2006 ta sa ƙarya domin samun riba, har da samun albashi, cikin laifofin da a ke iya ɗaure mutum a kansu. Tun Fabrairu 2024 wanda ya ɗauki ma'aikaci marar-izni ana iya cinsa tara har fam 45,000 a karo na fari, shi ya sa su ke bincike sosai. Ɗalibin da ya wuce awa 20 kuwa yana iya rasa bizarsa, gonar da aka sayar ta tafi a banza. Amma ko da babu doka, ko da ba wanda za ya gane har abada, mu mun san wanda mu ke tsaye a gabansa. Hananiya da Safiratu, a Ayyukan Manzanni 5, sun ba da kyauta ta gaske, ƙari kaɗan su ka yi a baki, aka ce da su Allah su ka yi wa ƙarya. Aikin da ka samu da ƙarya, da wane baki za ka tsaya ranar Lahadi ka yi godiya dominsa?

4. Ya zaɓi duwatsu biyar

Dauda bai tafi hannu wofi yana cewa Allah za ya yi ba. Ya sauka rafi, ya zaɓi duwatsu 5 masu-sulɓi, ya ɗauki majajjawar da hannunsa ya sani. Kai ma ka zaɓi labarai 5 na gaskiya daga rayuwarka, ka faɗe su da ƙarfi gaban wani ɗan'uwa har bakinka ya saba. Ka karanta labarin wurin da ka ke nema, ka san abin da su ke yi da dalilin da ya sa ka ke son shiga. Ka nemi hanya tun jiya, ka isa da sauran minti 15. In ta kwamfuta za a yi, ka gwada murya da hoto tun da wuri. Yusufu ma, da aka kira shi daga kurkuku, sai da ya yi aski ya sāke tufafi kafin ya shiga gaban Fir'auna. Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka faɗi yadda za ka koya. In sun tambaye ka batun biza, ka faɗi ranar da za ta ƙare. Tambayar albashi ba zunubi ba ne, gama Dauda kansa ya tambayi ladan da za a ba wanda ya yi aikin. In aikin ya shafi Lahadi, ka yi maganar cikin ladabi kafin ka sa hannu. Sa'an nan ka yi addu'a a bakin ƙofa, ka shiga.

Ku iyaye da dattawan ikilisiya, ku ma kuna da rabo. Yaron da a ke bugo wa waya kowane mako ana neman kuɗi, shi ne ya fi saurin karɓar sulken aro. Awa 20 ba ta ciyar da gida biyu. Ku tambaye shi lafiyarsa da inda ya ke sujada kafin ku tambaye shi aike. In ya ce ya rubuta takardu da yawa ba amsa, kada ku gwada shi da ɗan wane, ku ƙarfafa shi. In kuwa wa'adi ya cika ya komo gida da takardarsa da sunansa mai-kyau, ku tarye shi da murna, gama bai fāɗi ba.

Ba mu da alkawari cewa kowane mai-gaskiya za ya sami aikin da ya nema. Dauda kansa, bayan an shafe shi da mai, ya yi shekaru yana gudun hijira cikin kogwanni kafin ya hau gadon sarauta. Abin da mu ke da shi ke nan: wanda ya tsare mu a jeji ba za ya bar mu a ƙofar ofis ba. Ubangiji Yesu, wanda shi ne gaskiya, ya tsare bakin 'ya'yanmu da alƙalaminsu a baƙuwar ƙasa, ya ba su abincin yini da lamiri mai-tsabta. Amin.