Tankin da Ke Ƙarƙashin Mota

A Amurka akwai motocin da aka yi wa ɗaki a ciki, da gado da kicin da makewayi, iyali su yi makonni suna yawo daga wannan gandun daji zuwa wancan. Yawancinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. Dillali zai nuna maka gado da firji, amma da wuya ya durƙusa ya nuna maka tankuna biyu na ƙazanta da ke ƙasa: ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, ɗaya na bahaya.

Ranar Lahadi da hantsi, lokacin da jama'a ke watsewa daga sansani, motoci kan yi layi a bakin ramin zubarwa. Attajiri da ɗan fansho duk aikinsu ɗaya: a sa safar hannu, a tsuguna, a jona mesa mai faɗin inci 3. Na bahaya ake fara buɗewa, sannan ruwan sabulu ya biyo baya ya ɗauraye mesar. A wani sansanin kuma bakin ramin ya fi mafitar motar tudu, sai ka ga mutum yana ɗaga mesa da hannu kaɗan-kaɗan, na bayansa sun zuba masa ido.

Wanda ya fi shan wuya dai mai wayo ne. In ya samu filin da ke da raminsa, sai ya jona mesa ya bar bawul a buɗe, wai don kada komai ya taru. Ruwan ya tsiyaye, daskararren ya zauna daidai ƙarƙashin masai, ya yi tsibi, ya bushe, ya toshe hanya. Tsofaffin hannu kan jira sai tanki ya kusa cika, domin ƙarfin ruwan ne ke kwashe sauran. 

In wari ya tashi, wasu sai su koma zuba magani. Mai sinadarin fomalin kuwa kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta a shaddar sansanin yake yi, shi ya sa jihar Kalifoniya ta hana sayar da irinsa daga 2022. Gyaran da ke ci shi ne a rufe bawul, a cika tankin da ruwa, a bar shi ya jiƙa kafin a sake buɗewa.