Kada Ka Jira Ranar Lahadi

Ɗana, matso kusa mu yi magana. Na lura da kai da sa'o'inka, in aka ce bishara sai hankalinku ya tafi ga babban taro a fili, da lasifika, da baƙon fasto daga wani gari. Kuna ta jiran wannan rana, alhali mako guda cur kuna cuɗanya da mutane a kasuwa, a tasha, a layin famfo, kuna wuce su kamar ba ku gan su ba.

Buɗe Littafi Mai Tsarki ka ga inda manyan al'amura suka faru. A Yahaya sura 4, gajiyar tafiya ce ta zaunar da Yesu a bakin rijiyar Yakubu kusa da Saikar, rana tsaka. Wata Basamariya ta zo ɗiban ruwa, a zamanin da Yahudawa da Samariyawa ba sa ga-maciji da juna. Bai fara da tona mata asiri ba, ruwan sha ya roƙa. Ka ji fa, mai ceton duniya ya yarda ya zama mabukaci a gaban macen da ko almajiransa suka yi mamakin ganinsa yana magana da ita. Hira ta yi nisa har ta bar tulunta ta ruga cikin gari, mutanen garin kuma suka riƙe shi kwana biyu. Filibus ma, a Ayyukan Manzanni sura 8, a kan hanyar Gaza ya tarar da ma'ajin sarauniyar Habasha cikin karusarsa yana karanta littafin annabi Ishaya. Tambayarsa ya yi ko yana gane abin da yake karantawa, kuma bai hau karusar ba sai da aka gayyace shi.

Ni kam labarin Tabita ta Yafa ya fi taɓa ni. Ba a rubuta mana wa'azinta ko ɗaya ba. Da ta rasu, matan da mazajensu suka mutu ne suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa tufafin da ta ɗinka. Da allura da zare ta ba da shaidarta.

A ƙasarmu ma haka abin ya tafi. Dakta Walter Miller, ɗan mishan, ya zauna a birnin Zazzau tun 1905, yana ba da magani yana koyar da yara, kafin mishan ta koma Wusasa a 1929, inda asibiti da makaranta suka kafu. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. A Galmi ta Nijar, ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe asibiti a 1950, har yau ana kai marasa lafiya can daga nesa. Yawancin waɗanda suka shiga waɗannan wurare ciwo ne ya kai su, kuma hannun da ya wanke musu gyambo suka fara sani kafin su ji wata aya.

Amma ka kiyaye, ɗana, kada ka mai da alheri tarko. Wanda ka ba kwanon masara don ya biyo ka coci zai gane, mutane ba wawaye ba ne. In maƙwabcinka Musulmi ne, yi masa kirki don maƙwabcinka ne, kuma don Ubangijinka ya umarce ka. In azumi ya kama, kada ka zauna gabansa kana kurɓar ruwa, aika masa da ƙanƙara lokacin buɗa-baki. In an yi masa rasuwa, je ka zauna a tabarmar gaisuwa, ba sai ka yi dogon jawabi ba. Ran Kirsimeti kuwa, ka sa a yanka dabbar yadda zai iya ci, in ba haka ba kwanon da ka aika ya zama nauyi a gare shi.

Sai maganar mudu da bashi, wadda matasa ba ku son ji. Ɗan kasuwar da ke tauye awo ran Asabar, ya tsaya gaban mawaƙa ran Lahadi, ya riga ya rufe kunnen duk wanda ya saya a wurinsa. Haka wanda ya ci bashi yake sauya hanya in ya hango mai kuɗin.

Wata rana wani zai tambaye ka dalilin da ya sa ka kwana jinyar wanda ba danginka ba, ko ka mayar da canjin da aka ba ka bisa kuskure. To, a nan kada kunya ta kama bakinka. Faɗa masa abin da Yesu Almasihu ya yi maka, a taƙaice, cikin ladabi, ba tare da taɓa addininsa ba. Mu da muka ga abin da rikici ya yi wa Kaduna da Jos mun san tsadar kalma guda ta ganganci, ko a bakin shago aka faɗe ta ko a Facebook. In ya so ƙarin bayani, ka ƙara. In ya sauya zance, ka bi shi, gobe da safe kuma ka gaishe shi kamar kullum, ka tambayi lafiyar iyalinsa.